Sida a Yamai: awon ranar farko ne ke nuna wanda ke cikin haɗari

Tun 2015 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar cutar sida a ɗora shi kan magani, ko jikinsa ya raunana ko bai raunana ba. A 2017 ta ƙara da cewa a fara cikin kwana 7. Ga Nijar, inda ake ba da magungunan ARV kyauta ƙarƙashin shirin INAARV sama da shekara 20 ke nan, wannan ci gaba ne babba. Sai dai saurin ya zo da nasa cikas: da yake awon CD4, mai ƙidaya sojojin jini, ya daina zama sharaɗin samun magani, yinsa ya ja baya a ƙasashen Afirka da dama.

Alhali awon nan ne ke nuna wanda ya zo a makare. Idan adadin ya gaza 200, OMS na ɗaukar cewa cutar ta yi nisa, ko da mutum ya shigo cibiyar CTA ta Yamai ko Babban Asibitin Ƙasa da ƙafarsa yana raha. Irin wannan majinyaci, ƙwayar ARV kaɗai ba ta ishe shi ba. Dole a nemi tarin fuka a jikinsa, don shi ne ya fi kashe masu sida a duniya. Dole kuma a auna jininsa a ga ko akwai kiriptokok, ƙwayar da ke haddasa wani nau'in sanƙarau wanda ba shi ne na lokacin zafi da mutanen Nijar suka saba da shi ba. Nan ne gaggawa ke iya zama illa: mai wannan sanƙarau, sai an yi mako 4 zuwa 6 ana yi masa maganinsa kafin a fara ARV, in ba haka ba garkuwar jiki na iya farfaɗowa da ƙarfi ta kumbura ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yammacin Afirka. Maganin tenofobir da ke cikin ƙwayar da ake sha kullum yana danne shi ma, don haka mai cututtukan biyu in ya yanke magani hantarsa na iya tashi. Wanda ba a auna ba, ba zai san da wannan ba.

Alƙaluman ONUSIDA sun sa masu ɗauke da ƙwayar a Nijar wajen kashi 0,2 cikin 100 na manya. Ƙarancin abin farin ciki ne, amma yana sa ma'aikacin lafiya bai cika zargin sida ba, ga kunya da tsoron bakin mutane da ke hana zuwa awo har sai ciwo ya kayar.

Abin da ya sa batun ya taso yanzu kuɗi ne. Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare a watan Janairun 2025, daga baya kuma Asusun Duniya na yaƙi da sida, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda Nijar ta dogara da shi ƙwarai, ya rage kason ƙasashe. Idan aljihu ya matse, ƙwayar magani ake fara karewa, kuma da hujja. Kayan awo ne ke zama saniyar ware, don ƙarewarsu ba ta tara jama'a a bakin asibiti. Lissafin da ya kamata ma'aikatar lafiya ta fitar, ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar ta RENIP+ kuma ta nema, shi ne: cikin waɗanda aka ɗora kan magani bana a Yamai, nawa aka yi wa awon CD4 a makon farko?