Indiya da Pakistan: Ƙofar Ibada Ta Bi Sahun Ƙofar Kasuwa

Duk mai neman abincinsa a bakin iyaka ya san cewa in manya suka saɓa a babban birni, shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa. Abin da ya sami mabiya addinin Sikh ke nan a yankin Punjab, tsakanin Indiya da Pakistan.

Addinin Sikh ɗan dangi ne ga addinan Hindu da Buddha da Jain. Dukansu a yankin Indiya suka samo asali, kuma sun yi tarayya a kan imanin cewa aikin mutum na bin sa, ana kuma sake haihuwarsa bayan ya mutu, sai dai su Sikh Ubangiji ɗaya suke bauta wa. Wanda ya kafa addinin, Guru Nanak, an haife shi a 1469, ya rasu a garin Kartarpur a 1539.

Da Turawan Ingila suka raba ƙasar a 1947, sai iyaka ta ratsa tsakiyar Punjab. Akasarin 'yan Sikh suka kasance a Indiya, Kartarpur kuwa ya faɗa cikin Pakistan, tazarar da ba ta kai kilomita 5 ba daga iyaka. An yi shekaru masu ibada na tsayawa a ɓangaren Indiya suna hango wurin da tabarau mai jawo nesa.

A shekarar 2019 abubuwa biyu suka faru. A watan Fabrairu, bayan wani hari a Kashmir, Indiya ta ɗora harajin kashi 200 cikin 100 a kan kayan Pakistan, a watan Agusta kuma Pakistan ta dakatar da ciniki da ita. Manyan motocin da ke ɗauko siminti da busasshen dabino ta mashigar Wagah suka tsaya cik, 'yan dako suka rasa na cefane. Amma ranar 9 ga Nuwamba ƙasashen biyu suka buɗe hanyar Kartarpur: mutum 5,000 na iya tsallakawa a rana ba tare da biza ba, kowa ya biya Pakistan dala 20. A 2024 aka sabunta yarjejeniyar na shekara 5.

Da yawa sun zaci ƙofar ibada ta fi ƙarfin siyasa. To amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar 22 ga Afrilun 2025 'yan bindiga suka kashe mutum 26 a Pahalgam da ke Kashmir, aka rufe mashigar Wagah. A watan Mayu aka yi kwana 4 ana musayar wuta, Indiya ta rufe hanyar Kartarpur ita ma. Sai a Nuwamban 2025 aka bar masu ziyara kimanin 2,000 suka tsallaka, su ma da biza, ta Wagah.

Mu da muka ga rufe iyakar Najeriya a 2019 da ta Nijar a 2023, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Yarjejeniyar da babu wani tanadi a cikinta na ranar da za a yi faɗa, sanarwa ɗaya ta isa ta tsayar da ita. Ya kamata gwamnatocin biyu su keɓe hanyar masu ibada da ta kayan masarufi daga rigimar Kashmir, domin ba ɗan dakon Wagah ne ya kai hari ba. Allah ya kyauta.