Ledar buhun wake da iskar da ke ratsa ta

Duk manomin Alakos, cikin gundumar Gure, ya san cewa wake ba ya jiran farashi. Da kaka ake rabuwa da shi da arha, don in ya yi ƴan watanni a ɗaka ƙwaro ya mai da shi gari. Tun shekarar 2007 jami'ar Purdue ta Amurka da cibiyar INRAN suka fara yaɗa buhun PICS a Nijar: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, ba tare da guba ba. Ana ɗaure bakin kowace leda dabam. Ƙwarin su shanye iskar da ke ciki, su daina ci, su bushe, su mutu.

Amma akwai abin da ba a cika faɗi a kasuwa ba. Leda, ko ba ta da huji ko ɗaya, iska tana ratsa jikinta sannu a hankali, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa daga sabuwar randa. Shi ya sa kaurin kowace ledar PICS ya kai mikron 80, kuma aka ninka ta. Ledar shago mai shara-shara ba za ta tsare wake ba, kome ƙarfin ɗaurinta.

Zafi yana gaggauta ratsawar, sanyi yana rage ta. Sai dai sanyi ma da tasa illar, kamar yadda masu jigilar gas a teku suka sani. Gas ɗin yana zama ruwa a digiri 162 ƙasa da sifiri, kuma a irin wannan sanyi roba takan ƙandare ta tsage, abin da aka tsare ya sulale. Domin haka kamfanin GTT na Faransa yake sa siririn fallen alminiyom tsakanin yadi biyu na zaren gilashi a cikin tankunan jiragen ruwa: ƙarfen ya tare gas, yadin ya kare ƙarfen.

A Alakos ba sanyi ne abin tsoro ba. Rana ce, da ƙaya, da ɓera. Waken ya bushe sarai, a cire tsinke da tsakuwa. A hura ledar a matsa ta kafin zubi, a ji ko tana fitar da iska. A ɗora buhun bisa itace, cikin inuwa, nesa da bango. Mai yawan kwance shi don ɗibar tiya guda kuwa, sabuwar iska yake ba ƙwarin. Gara ya ware waken cefane tun ranar ɗauri.