RA'AYINMU: Malamin Makaranta Ma Yana Da Haƙƙi

Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, iyayenmu da kakanninmu suka biyo shi da fatauci, suka kafa gidaje, har Hausari ta zama unguwar da kowa ya sani. Yau 'ya'yanmu suna zaune aji ɗaya da 'ya'yan Manga da Bade da Fulani, a nan Nguru da kuma Gashuwa. Wannan mujalla ta sha yin magana a kan haƙƙinmu na zama da neman abinci, kamar yadda sashe na 41 da na 42 na Tsarin Mulkin 1999 suka tanada. A wannan karon muna so mu yi magana a kan haƙƙin wani da muke yawan mantawa da shi, wato malamin da ke koyar da 'ya'yanmu.

Jama'a, mu faɗa wa junanmu gaskiya. Yaro zai yi sati bai leƙa makaranta ba saboda talla ko ranar kasuwa, in malami ya tsawata masa sai ya koma gida da kuka. Kafin a ji ta bakin kowa, uba ya ɗauki hula ya nufi makaranta, ya shiga aji yana zagin malami a gaban ɗalibansa. Daga ranar malamin nan ba shi da sauran kwarjini a idon yara. Wani lokaci ma sai a juya magana ta koma ta ƙabilanci, a ce don mu Hausawa ne aka matsa wa ɗanmu. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga zaman lafiyarmu da maƙwabta, kuma yana rage wa kokenmu nauyi ranar da aka zalunce mu da gaske.

Doka ma ba ta bayan irin wannan uba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yaro a makaranta daga firamare har ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Wanda ya ƙi, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1. Ashe malamin da ya tambayi inda yaro ya shiga aikin doka yake yi.

Su ma hedimastoci muna da magana da su. Sau da yawa hedimasta yakan ba uba haƙuri a gaban malami don kawai uban attajiri ne ko ya san wani a ƙaramar hukuma, daga bisani a ji an yi wa malamin canjin wurin aiki. Shugaban da bai tsaya wa malaminsa a kan gaskiya ba, gobe ba zai samu mai yi masa aiki da zuciya ɗaya ba. A jihar da ta ga abin da ya faru a Buni Yadi a 2014 da Dapchi a 2018, malamin da ya zauna bai bar aikin ba ya cancanci a kare mutuncinsa. Gwamnatin Yobe ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2019, amma ginin aji ba ya koyarwa in babu malami mai kwanciyar hankali a ciki.

Ba muna cewa malami ba ya kuskure ba. In ya yi wa yaro dukan da ya wuce kima, ko ya karɓi kuɗin da ba a sa ba, akwai hanya. A fara da ofishin hedimasta, a zauna da malamin ba a gaban yara ba. In ba a daidaita ba, a kai wa ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin SBMC, sannan Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. A rubuta koke, a sa kwanan wata, a riƙe kwafi. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ofishin ƙungiya, za a rubuta masa. Hedimasta kuma ya saurari mai koke ba tare da tambayar garin kakansa ba.

Da yawa daga cikinmu sai da furfura ta fara fitowa muka koyi ƙirga baƙi a ajin yaƙi da jahilci, mun san zafin rashin malami tun ana yara. Saboda haka muna kira ga kowane magidanci ya halarci taron iyaye da malamai na zangon nan, ya kuma nemi kujera a kwamitin makarantar unguwarsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.