Shekara Biyu Ta Yi Kaɗan: A Daina Zubar da Littafin Magani

Sanarwar da hukumar NAFDAC ta fitar a watan Afrilun 2024, cewa a janye maganin tarin yara na Benylin mai lambar rukuni 329304 daga kasuwa, ta isa ta rufe bakin masu cewa shekara biyu ta wadatar wajen ajiye littafin saye da sayar da magani. Amma har yau suna nan kan bakansu. A Afirka ta Kudu aka haɗa maganin, a watan Mayun 2021. Sai da ya kusa shekara uku a kan kantoci, a watan da wa'adinsa zai ƙare, sannan hukumar ta ce ta samu sinadarin diethylene glycol a cikinsa fiye da kima, gubar da ke lalata ƙodar yaro. Kamfanin da ya haɗa maganin ya ce nasa gwajin bai nuna komai ba, wannan kuma tsakaninsu ne. Mai kemis a Goronyo ko Achida da ya saro kaya a ƙarshen 2021, ya bi ƙa'idar shekara biyu, wace takarda zai buɗe ya gane ko wannan rukuni ya taɓa shiga shagonsa? Ya riga ya zubar da ita, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi.

Shekara biyun nan da ake riƙewa tamkar saukakkiya tana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan ƙwayoyi masu sa maye. Abin da ta tanada shi ne kada ajiyar bayanan ta gaza shekara biyu. Mafi ƙaranci ke nan, aka mayar da shi iyaka. Magunguna da yawa wa'adinsu shekara uku ne, wasu har biyar. Wato littafin zai tafi bola alhali kwalbar da aka rubuta a cikinsa tana nan cikin kwalla a ɗakin wata uwa a Boyekai, ana jiran yaro ya yi tari a ɗura masa.

A shiga kowane kemis a Rabah ko Wurno a ce a fito da littafin bashi. Zai fito daga ƙarƙashin kanta, a naɗe cikin leda, bangonsa ya sha hannu har ya yi baƙi, amma ba shafi ɗaya da ya ɓata. Mai shago zai nuna allurar da wani ya karɓa tun kafin ya aurar da 'yarsa, da ranar, da kuɗin, da wanda ya tsaya masa. Sai a ce a kawo rasiɗin dillalin da aka saro allurar a wurinsa. Nan za a fara sosa ƙeya. Wani zai ce gara ta ci, wani zai ce yaron shago ya ba mai ƙosai ta ƙulle kaya. Mutumin da ya iya tsare naira ɗari biyar ta bashi shekara da shekaru ba zai ce bai iya ajiye takarda ba. Abin da ya dame shi ne yake ajiyewa, ran ɗan wani kuwa bai shiga lissafinsa ba.

Kuma ba yau ƙasar nan ta fara binne yara saboda maganin ruwa ba. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol mai gubar diethylene glycol. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙorin jarirai na My Pikin ya kashe yara 84, hukuncin kotu kuma bai fito ba sai 2013. A Gambiya, a 2022, yara kusan 70 suka tafi ta hanyar magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. Kowane karo tambayar masu bincike ɗaya ce: wane rukuni ne, daga hannun wa ya fito, ina da ina ya shiga?

A nan gabashin Sakkwato ma, lokacin da baƙuwar cutar kumburin ciki ta kama yara a ƙaramar hukumar Isa a 2024, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ce an taɓa ganin irinta a 2023. An karkata zargi ga ƙarafa masu guba irin su dalma. Duk da haka, mai binciken irin wannan cuta dole ya tambayi abin da yaron ya sha watanni kafin ya kwanta, a wane shago aka saya. A ƙauyen da ba likita, mai kemis ne ya fara ganin yaron, littafinsa ne kaɗai shaidar da za ta amsa.

Masu kare shekara biyu suna da uzuri iri-iri, duk na lalaci. Wai shago ya yi ƙanƙanta. Littattafan shekara goma ba za su cika kwalin taliya biyu ba. Wai ambaliya, kamar wadda aka yi a kwarin Rima a 2010, ko harin 'yan bindiga irin na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, suna cinye takarda. Suna cinye littafin bashi ma, amma ba a ji wanda ya daina rubuta shi saboda haka ba. Wai sirrin majiyyaci. Sirrin da ake naɗe tsire da shi a bakin tasha ne ake tausayi? A Ingila takardun lafiyar yaro ana riƙe su har ya cika shekara 25, ba su ce sirri ya tonu ba.

Laifin kuma ba na masu kemis kaɗai ba ne. Hukumar PCN, wadda dokar 2022 ta ƙara wa ƙarfi a kan masu harhaɗa magani da masu kemis baki ɗaya, ta fi ƙwarewa wajen garƙame shago. A watan Fabrairun 2024 ita da NAFDAC sun rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Garin Kano domin a koma kasuwar magani ta Dangwauro. Kwaɗo a ƙofa yana kyau a hoton jarida. Idan jami'i ya zo ƙauye, lasisi yake tambaya, ya ga hatimin bana, ya shiga mota. Shekara da shekaru masu digirin harhaɗa magani da ƙungiyar masu kemis suna ja-in-ja a kan wa ya cancanci sayar da me, waɗannan suna kiran waɗancan jahilai, waɗancan suna cewa ai ku ba ku zuwa karkara. Da rabin ƙarfin da suka ƙarar a wannan faɗa ya tafi wajen koya wa yaron shago rubuta lambar rukuni, da ba a kai nan ba.

Arewa ce ya kamata ta fi kowa sanin darajar takarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Kuɗin farko bai shiga hannun iyaye ba sai 2011, bayan shekara 15, kuma sai da aka bi ta gwajin ƙwayar halitta kafin a yarda cewa 'ya'yansu ne aka ba maganin. Talakan da ba shi da takarda haka ake yi masa. Raɗaɗin wannan lamari yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Shekara goma ita ce mafi ƙarancin abin da hankali zai ɗauka ga rasiɗin dillali, lambar rukuni, ranar ƙarewar wa'adi, da littafin tiramadol da sauran ƙwayoyin da ake sa wa ido. PCN ta sa nuna tsofaffin littattafai cikin sharuɗɗan sabunta lasisi. Sassan lafiya na Wurno, Rabah da Goronyo su ware kabad mai makulli inda mai kemis zai kai littafin da ya cika a ba shi shaidar karɓa, bayan an ɗauki hoton kowane shafi da waya. Mai karatu kuma, in ya sayo wa ɗansa magani, ya ce a rubuta masa sunan maganin da lambar da ke jikin kwalbar, ya adana.