Kulocin waya ba ci baya ba ne

1/ Masu farfaɗo da tsofaffin motoci, ku matso. Da zarar mutum ya canja inji ko giya sai a ce masa "sa kulocin mai kawai". Ni dai ina bayan na waya. Ga dalilina 👇

2/ Na mai yana da masta, da silindar ƙasa, da tiyo, kowanne na iya yoyo. Iska na shiga, feda ta nutse, shi ke nan ka tsaya. Waya kuwa in ta tsinke, ka ɗauko wata a but, bakaniken gefen titi ya ɗaura maka.

3/ Kuma ba ta ƙananan motoci kaɗai ba ce. Beetle waya ce, haka ma Mustang daga 1979 har 2004, da injin V8 ɗinta.

4/ "Ai tana da tauri." Yawanci laifin mai ɗaurawa ne. Kar a lanƙwasa ta da yawa. Kar ta kusanci salansa, zafi yana narka robar cikinta. Inda ta ratsa bangon inji a ƙara ƙarfe, don in yana lotsawa kulocin ba zai saki sosai ba.

5/ Sai saiti. A Beetle, ana barin feda da wasan milimita 10 zuwa 20. Ka ɗaure tam, kuloci ya riƙa sulɓewa, faranti ya ƙone, kuɗinka ya tafi.

6/ Gaskiya in wurin ya matse, babu hanyar da waya za ta bi a sake, na mai ya fi. In ba haka ba, don Allah a bar wa waya aikinta. Makanikai, me kuka ce?