ZUBI DA TSARI A HOTUNAN TITUNAN BIRNI: ƊAN TSOKACI

Mu ɗaliban Hausa an hore mu, duk sa'ad da aka ajiye mana waƙa a gaba, mu fara neman jigonta, sa'an nan mu duba zubi da tsarinta, kana mu waiwayi salo. A ganina wannan ma'auni bai tsaya ga waƙa kaɗai ba. Hoton da aka ɗauka a titi shi ma tsara shi ake yi, kuma wanda ya ɓata tsari ya ɓata jigo, wani zubin ma har da mutuncin wanda ke cikin hoton.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A hutun da ya wuce na je gida Kara, can wajen Gwarzo da Kabo, sai wani ƙanena ya nuna mini hoton kawunmu yana yawo a Facebook. A Kabuga aka ɗauke shi, ya sauko daga mota da buhunan barkononsa zai kai kasuwa. Mai hoton daga saman bene ya leƙo shi, saboda haka dattijon ya fito ɗan tsugul. Falwaya ta tsiro daga tsakiyar hularsa, kwata ta cinye rabin hoton, buhunan kuwa an yanke su sarai. Masu sharhi suna ta tausaya wa "wannan bawan Allah", alhali mutum ne mai ciyar da gida guda da guminsa. Kwatar tana nan, falwayar ma tana nan, ba a ƙirƙiri kome ba. Tsarin hoton ne ya yi masa ƙazafi.

Abubuwa uku ne suka taru suka yi wannan ɓarna. Na farko matsayi, watau inda mai hoto ya tsaya. Wanda ka leƙo daga sama ka ƙasƙantar da shi, wanda ka duba ido da ido ka gaishe shi. Na biyu iyaka. Gefen hoto tamkar ƙarshen baiti ne, abin da aka shigar da wanda aka bari waje duk hukunci ne. Da an bar buhunan, da jigon ya tashi daga bara ya koma fatauci. Na uku haske. Ranar tsaka a Kano kan zuba baƙar inuwa a ƙarƙashin hula ta shafe idanu, fuskar da ba idanu kuwa ba ta da abin cewa.

Daɗin daɗawa, akwai lalacin zaɓen jigo. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, an ɗauke ta ba adadi, amma kusan kullum zubi ɗaya: tsoho a tsugune, hannu cikin baba. Ina mabuga, inda hannuwa ke tashi suna sauka bi da bi kamar karin waƙa? Haka Kasuwar Kurmi, wadda ta kafu zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), kayanta ake ɗauka a manta da ciniki, alhali rayuwar kasuwa tana tsakanin tayi da sallamawa.

Wani zai ce ai titi ba ɗakin hoto ba ne, ba wanda zai tsaya a gyara masa zama. Gaskiya ne. Amma Henri Cartier-Bresson na Faransa, wanda littafinsa na 1952 ya zama abin koyi a wannan fanni, bai gyara wa kowa zama ba. Wuri yakan zaɓa, ya yi haƙuri har motsin mutane ya dace da zubin wurin, sa'an nan ya latsa. Malick Sidibé na Bamako kuwa, wanda ya sami babbar lambar yabo ta Banis a 2007, cikin samarin garinsu ya shiga ya zauna, shi ya sa suka fito da fara'a da isa, ba a matsayin abin kallo ba.

Mu ma birninmu ya tanadar mana zubi nasa. Lungu yakan ja ido zuwa ga mai tahowa, ƙofar zaure takan kewaye mai zama a bakinta, zankwayen soro sukan yi jeri kamar amsa-amo. Kuma lokaci ba ya jiranmu, don ganuwa tana zaizayewa, siminti yana cinye ginin ƙasa. Abin da muka ɗauka yau, shi jikokinmu za su ɗauka Kano ce.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su buɗe wa hoto ƙofa a darussan al'ada, a riƙa feɗe shi kamar yadda ake feɗe waƙa. 'Yan uwana ɗalibai kuwa, tun da kowa na da kyamara a aljihu, kafin ka latsa, sauko daga benen ka yi sallama. Kawuna dai ya ga hotonsa, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya tambaye ni, "To, ina barkonon?"