Filin Kula da Gida: Yadda Ake Jinyar Miki da Ƙananan Raunuka a Jikin Kare

Yau za mu taɓa wani batu da ba a cika tattauna shi a zaurukanmu ba, wato jinyar kare idan miki ya fito masa. Duk mai bin lungunan Moshi Zango da Aboabo da Sawaba ya san gidaje da garejoji da wuraren ajiyar kaya da dama suna da karnukan gadi, kuma sau da yawa sai ka ga karen da kunnuwa a cinye, ƙudaje na binsa, mai shi kuwa ya kau da kai don yana ƙyamar taɓa shi.

Bari mu fara kawar da wannan ƙyama. A mazhabar Imamu Malik, wadda galibinmu muke bi, duk dabba mai rai tana da tsarki, har da yawunta, kuma taɓa kare ba ya karya alwala. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a cikinta sau bakwai bin umurni ne kawai. Malaman Shafi'iyya suna ganin najasa ne, saboda haka mai bin su sai ya wanke inda yawun ya taɓa yadda suka koyar. Jini da mugunya dai najasa ne a wurin kowa, sai a wanke su daga jiki da tufa kafin salla. Malamai sun yi rangwame a ajiye kare don kiwo da noma da farauta, da yawansu kuma sun haɗa da tsaron gida idan akwai bukata. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. To, wanda ya ɗaure kare yana yi masa gadi, haƙƙin cinsa da shansa da jinyarsa ya hau kansa.

Ciwon da ya fi saurin ɓaci shi ne ɗanyen miki mai tsattsafo da ruwa. Mafarinsa ƙaiƙayi ne, ko na cizon ƙuma, ko na kaska, ko na ciwon kunne, ko na jiƙaƙƙen gashi da bai bushe ba. Kare ya yi ta susa da lasa da cizon wurin har fata ta saluɓe, ƙwayoyin cutar da ke zaune a kan fatar su samu ƙofa. Wurin ya yi ja, ya yi zafi, gashi ya manne a kansa ya hana shi shan iska. Abin da ya fara da safe kamar kwabo, kafin magariba yana iya kai faɗin tafin hannu. A Kumasi ya fi yawa lokacin manyan ruwaye, daga Maris zuwa Yuli, da kuma ƙaramar damina ta Satumba zuwa Nuwamba, saboda laima da ɗumi.

Kafin ka taɓa shi, kiyaye kanka. Kare mai jin zafi yana iya cizon ubangidansa. A samu mutum biyu manya, a kori yara daga wurin. A yi masa takunkumi da tsumma mai tsawo: a naɗe bakin, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a zagaya a ɗaure a bayan kunnuwa, a kuma kwance da zarar an gama. A sa safar hannu ta roba, in babu a zura hannu cikin leda mai tsabta.

Sai a bi waɗannan matakai:

1. A rage gashin da ke kan mikin da kewayensa da almakashi, kamar faɗin yatsu biyu, har a ga lafiyayyar fata. Kada a yi amfani da reza.

2. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce. A jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta a wanke wurin a hankali har ɓawon da mugunyar su fita.

3. A samu ruwan aidin irin na Betadine a kantin magani, a sirka shi da ruwa har ya yi launin shayi marar kauri, a shafa.

4. A tsane wurin, a bar shi a buɗe ya sha iska. Irin wannan miki bushewa yake so, don haka kada a naɗe shi, kada kuma a cika shi da mai.

5. A hana shi lasa. A huda gindin ƙaramin bokitin roba, ko a yanka kwali mai kauri kamar mazurari, a sa masa a wuya a ɗaure da abin wuyansa, yadda zai iya ci da sha amma bakinsa ba zai kai ga ciwon ba.

A maimaita wankin sau 2 ko 3 a yini. Idan abin ya karɓa, cikin kwana 2 zuwa 3 za a ga ruwan ya tsaya, jan ya ragu. Sannan a nemi tushen ƙaiƙayin, domin in ba a kashe ƙuma da kaska ba, mikin zai dawo. A wanke buhun da yake kwanciya a kai, a shanya a rana, a share makwancinsa, a tambayi ma'aikacin dabbobi maganin da ya dace da nauyinsa.

Idan yanka ne na kwano ko kwalba ko waya, a danna wurin da tsumma mai tsabta na minti 5 zuwa 10 ba tare da ɗagawa ba, har jinin ya tsaya, sannan a wanke da ruwan gishirin nan. Kunnuwan da ƙudaje ke ci kuwa, a jiƙa ɓawon a goge, a shafa Vaseline da kauri a bakin kunnen don ƙuda ya rasa wurin cizo, a kuma kwashe shara da kashin dabbobi da ke tara su.

Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai inuwa inda fitsari ko kashi ya jiƙa. Tsutsarsa tana huda fata ta zauna ciki, sai ka ga ƙurji kamar maruru da ɗan rami a tsakiya, musamman a cikin 'yan kwikwiyo da ƙafafunsu. A toshe ramin da Vaseline, tsutsar za ta rasa iska ta leƙo, sai a matsa gefe a hankali ta fito ɗungurungum, a wanke wurin. Iyaye mata su lura, wannan ƙuda yana yin ƙwai a kan tufafin da aka shanya a ƙasa, yana kuma shiga fatar yara. Shanya a igiya cikin rana da guga mai zafi suna maganinsa.

Yanzu ga abubuwan da za a guje musu. Baƙin man mota da kananzir, waɗanda wasu ke shafa wa kare mai kirci, suna ƙona fata, in ya lasa kuma su zame masa guba. Haka maganin feshin gona, da garin batir, da Dettol ko Izal da ba a sirka ba. Kada a ba kare ibuprofen ko diclofenac, suna huda masa ciki su lalata ƙoda. Paracetamol ma yana iya taɓa hantarsa, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Jinyar gida tana da iyaka. A nemi likitan dabbobi idan raunin ya yi zurfi ko ya buɗe baki, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yana kusa da ido, ko yana wari, ko tsutsotsi sun cika shi, ko karen ya daina cin abinci, ko an kwana 3 babu sauƙi. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Amakom, jami'ar KNUST ma tana da makarantar koyon likitancin dabbobi.

Babban abin tsoro shi ne raunin da wani kare ya yi masa, domin ta nan ciwon haukan kare ke shiga. Wannan ciwo yana nan a Gana, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan baƙon kare ya ciji naka, ko ka ga halinsa ya sauya, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya samu, kada ka taɓa raunin. Tsare shi, ka kira ma'aikatan dabbobi. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ko na Manhyia ko Komfo Anokye, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai faru. Karen da ya yi cizon a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. Rigakafi ya fi magani: a kai kowane kare allurar haukan kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, a adana katin.

Maigida, daure ka riƙa duba jikin karenka sau ɗaya a mako, bayan kunnuwa da wuya da gindin wutsiya da tsakanin yatsu. Minti biyar ne, kuma lafiyar yaran gidanka da ta maƙwabta tana cikinsa.

Allah ya sanya tausayin bayinsa a zukatanmu, ya kare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.